Awarar Matar Yaya

Mai Keke Napep bai gama tsayawa ba Zakiyya ta diro, gefen hijabinta ya maƙale a ƙarfen kujera, ta fizge shi da ƙarfi har ɗinkin ya ɗan ɓalle. Ko waiwaya ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin titin Tunga cikin zafin rana, tana kallon wani shago mai jan fenti da ke tsakanin wurin wankin mota da kantin tayoyi. An rataye fitilun takarda guda biyu a bakin ƙofa, ɗaya rana ta cinye launinta. A saman allon shagon akwai rubutun Sinawa, a ƙasansa kuma an rubuta HALAL da manyan baƙaƙe.

Da safiyar nan ne Hannah, abokiyar aikinta a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Maitumbi, ta jefo mata maganar ba tare da ta san nauyin abin da ta jefo ba. Suna jera kwalabe ta ce, "Ke Zakiyya, kin iya ɓoye abu. Ashe yayanki ne mai gidan abincin 'yan Caina na Tunga? Jiya maigidana ya kai ni. Matarsa akwai fara'a, 'yarsu kuwa goshinki sak."

Zakiyya ta yi dariya a lokacin, ta ce ai Yaya Sharif yana Abuja, kuma bai taɓa aure ba. Sai Hannah ta buɗe waya ta nuna mata hoto. Ga Hannah da mijinta a gaban farantai, ga Sharif can baya yana miƙa wa wani kwano, da wata yarinya a saɓe a kafaɗarsa.

Shekara tara Sharif ya yi a birnin Guangzhou na ƙasar Caina yana turo wa 'yan kasuwa kaya. Wata biyar ke nan da dawowarsa, ya ce musu ya kama shago a Abuja. Duk bayan sati biyu, ranar Juma'a, yakan zo gidansu na Sabon Gari da burodi da lemo, ya zauna gaban Mama na awa ɗaya, sannan ya duba agogo ya ce gara ya kama hanya da wuri, hanyar Suleja ba kyau. Mama ta raka shi har zaure da addu'ar sauka lafiya. Ashe tafiyar minti goma sha biyar ce.

Ta tura ƙofar gilashin ta shiga. Ƙaurin barkono ne ya fara tarbar ta, ya shaƙe ta har ta yi tari. Ɗakin bai da girma: tebura bakwai na roba, fanka biyu a tsaye suna juya iska mai zafi, da talabijin a bango wata mata tana karanta labarai da yaren da ba ta ji. Wasu Sinawa uku da manyan takalma masu jar ƙasa, da alama ma'aikatan kamfanin titi ne, sun duƙufa a kan wani babban kwano suna tsamo nama da tsinkaye. A kusa da taga wasu ma'aikatan banki biyu suna ci suna share gumi.

Wata mata mai jan gyale a ɗaure ta taho da takardar jerin abinci. An rubuta sunanta a ƙirjin rigarta, Goodness. Hausarta ta 'yan koyo ce, ba ta raba mace da namiji.

"Sannu da zuwa, Anti. Kai kaɗai ne? Za ka ci a nan ko a ƙunsa maka?"

"Mai wurin nake nema."

"Oga ya je kasuwa sayen kabeji, yanzu zai dawo. Madam yana kicin. In kira shi?"

"A'a." Zakiyya ta ja kujerar da ke fuskantar ƙofa ta zauna. "Zan jira. Kawo min abinci."

Takardar cike take da hotuna. Ba ta karanta komai ba, ta ɗora yatsa a kan hoton da ya fi kowanne ja, ta sake ɗorawa a kan na ƙasansa.

Goodness ta leƙa hotunan. "Anti, wannan fa yana da wuta. Ko mutanen Madam suna kuka da shi. A rage maka yaji?"

"Kada a rage komai."

Ba a jima ba aka kawo. Faranti na farko tulin busasshen barkono ne da aka soya, sai an tona kafin a ga ƙananan yankan kaza a ciki. Na biyu kuwa awara ce, amma ba irin soyayyar da ake sayarwa a bakin makaranta ba. Wannan fara ce, mai laushi, tana rawa a cikin jan mai da niƙaƙƙen nama. Aka ajiye mata farar shinkafa a ɗan kwano, da shayi marar sukari, da tsinkaye biyu a takarda. Ta ture tsinkayen gefe ta ɗauki cokali.

Lomar farko ba ta ji komai ba sai gishiri da tafarnuwa. A ta biyu ne wutar ta tashi. Ta bi harshe ta sauka maƙogwaro, sannan wani abu ya biyo baya wanda ba zafi ba ne: leɓɓanta suka fara tsuma, harshenta ya yi kamar ba nata ba, irin yadda fasaƙwari yake yi in ya yi yawa a yajin jego. Hancinta ya kawo ruwa. Ta ƙara loma. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne abincin yana da daɗi.

Tana ci tana tuno Baba. Shekara biyu ya yi a kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Tela ne, mutumin da ya yi shekara arba'in a kan keken ɗinki a bayan tashar jirgin ƙasa, ya koma sai an ɗaga shi an zaunar. Mama ba ta da ƙarfin ɗaga shi, saboda haka Zakiyya ce ke juya shi, ita ke canja shimfiɗa, ita ke ba shi kunu da cokali kafin ta wuce aiki. An ba ta gurbin ƙarin karatu a Zariya ta bar shi ya wuce. Anwar, wanda ya yi shekara uku yana zuwa zance wurinta, ya jira har ya gaji, ya auri wata a Bosso. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Ta ɗauka yayanta yana can ƙasar mutane a ɗaure, yana son zuwa hukuma ta hana shi.

Haka ya ce musu. A sati biyun ƙarshe, lokacin da Baba ba ya iya furta komai sosai sai sunan Sharif, ta kira shi ta waya tana kuka, shi ma yana kuka, ya ce jami'an shige da fice sun riƙe fasfonsa. Bai zo ba. Bai zo sadakar uku ba, bai zo ta arba'in ba.

Labulen da ya raba ɗakin da kicin ya motsa, wata 'yar yarinya ta leƙo, ta fito da gudu da takalmi ƙafa ɗaya. Fara ce sol, gashinta a nannaɗe an kama shi gida biyu. Ta zo ta dafa gefen teburin Zakiyya ta ƙura mata ido. Hannah ba ta yi ƙarya ba game da goshin. Sai dai ba na Zakiyya ba ne, na Baba ne.

"Kyauta, zo nan, kada ka dami baƙo," in ji Goodness tana riƙo hannunta.

"Bar ta." Zakiyya ta sunkuyo kusa da yarinyar. "Shekararta nawa?"

"Uku. A nan muka yi masa biki, watan Janairu, ran sha biyu. Madam ya yi taliya mai tsawo, kowa ya ci."

Zakiyya ta ajiye cokalin a hankali. Baba ya rasu ran goma ga Janairu, shekara uku da suka wuce, kwana biyu kafin a haifi yarinyar nan.

Ƙofa ta buɗe, Sharif ya shigo da buhun kabeji a kafaɗa, hular kwano a hannu ɗaya, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Ya yi ƙiba fiye da yadda babbar rigar Juma'a take nunawa. Yana cewa, "Goodness, karɓi wannan, albasa ta yi—" sai idonsa ya faɗa kan teburin. Buhun ya zame daga kafaɗarsa, kabeji biyu suka gangaro ƙarƙashin kujerar 'yan banki.

"Baba!" Yarinyar ta ruga ta rungume ƙafarsa.

"Sannu da hanya," in ji Zakiyya. "Yaya Abuja? Hanyar Suleja dai lafiya?"

Ya ɗauki yarinyar ya miƙa wa Goodness, ya yi mata alama da ido ta shige da ita ciki. Sannan ya jawo kujera ya zauna a gefenta, ya rage murya.

"Zakiyya, don Allah. Zo mu je baya mu yi magana."

"Abinci nake ci."

"Akwai mutane."

"Na gan su. Su ai sun san kana da mata. Su Goodness sun ci taliyar bikin 'yarka. Mai wankin mota na waje ma na tabbata ya sani. Uwar da ta haife ka ce kawai ba ta kai ba."

"Ba haka ba ne. Wallahi ina da niyyar—"

"Kada ka rantse." Ta ɗauki cokalin ta nuna shi da shi. "Kada ka sa sunan Allah a bakin nan. Da bakin nan ka ce min an riƙe fasfonka."

Ya sunkuyar da kai yana murza hular kwanon a kan cinyarsa. Sinawan nan uku sun daina cin abinci, ɗaya ya rage ƙarar talabijin.

"Haihuwar ta zo da matsala," ya ce. "Sai da aka yi mata aiki. Ta zubar da jini, kwana shida ba ta san inda take ba. Danginta suna can wani lardi mai nisa, kuma tun da ta aure ni babanta ya daina ɗaukar wayarta. Ba ta da kowa sai ni. In bar ta a gadon asibiti da jaririya in hau jirgi? Ke ki faɗa min."

"Ban ce ka bar ta ba."

"To me zan yi?"

"Ka faɗi gaskiya, Sharif!"

Tun da ta yi wayo ba ta taɓa kiran sunansa haka tsirara ba, sai da Yaya a gaba. Shi ma ya ji, ya ɗago kamar ta mare shi.

"Baba ya mutu yana tsine wa hukumar Caina da rabin bakinsa," ta ci gaba. "Kullum ya ji motsi a zaure sai ya juya ido ya ga ko kai ne. Da ka ce masa, Baba, matata tana dab da haihuwa, da ya mutu yana sa wa jikarsa albarka. Da ya tafi da farin ciki ɗaya a cikin shekara biyun nan. Ka hana shi. Don me?"

"Kin san Baba. Kin san yadda yake da maganar asali. Na ce bari ya ɗan samu sauƙi in faɗa masa, sai jikin ya ƙara tsanani. Bayan ya rasu kuma da wane ido zan kalli Mama in ce ga dalilin da ya hana ni zuwa? Kullum na zo gida da maganar a bakina, in na ga fuskarta sai ta koma."

"Sai ka duba agogo."

Ya tura mata kofin shayi gabanta, kamar shi ne abin da ya rage ya iya yi mata. Ta ture shi, ya fantsalo a kan teburin.

"Gara ma da kika zo," ya ce can ƙasa. "Allah ne ya kawo ki. Ke Mama take saurara. Ki fara shirya ta a hankali, ki ɗan yi mata shimfiɗa, in ta huce sai in kawo su."

Zakiyya ta yi wata dariya wadda ita kanta ba ta san tana da irinta ba.

"Ni? Ni na wanke kashin ubanka shekara biyu, yanzu kuma ni zan wanke naka?"

Ɗaya daga cikin 'yan bankin ya tashi ya fita waje da wayarsa a kunne, wayar da ba ta yi ƙara ba.

A lokacin ne aka yaye labulen kicin da ƙarfi. Matar da ta fito gajera ce, siririya, ta ɗaure kanta da baƙin ɗankwali har wuya, hannuwanta duk tabon ƙunar mai. Tana riƙe da ludayi ba ta ma san tana riƙe da shi ba. Ta tsaya a kan Zakiyya tana huci.

"Na'ima, koma ciki," in ji Sharif, ya ƙara da wasu kalmomi da yarensu.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Da Hausa ta yi magana, irin wadda ta koya a wurin 'yan kasuwar Kano da ke cin abinci a shagon da ta yi aiki a Guangzhou, kalmomin suna fita a datse.

"Kai ne Zakiyya. Na san hotonka. Ka zo ka ci abincina, ka yi ihu a shagona. Me na yi maka? Ni Musulma ne, babana Musulmi, kakana Musulmi. A masallaci aka ɗaura aure. Wata biyar ina garin nan. Ka ce ba ka son ganina, na haƙura. Amma yarinya? Me yarinya ya yi?"

Zakiyya ta miƙe tsaye. "Ni na ce ba na son ganinki?"

"Shi ya faɗa." Na'ima ta nuna mijinta da ludayin. "Ya ce Mama ya yarda, Zakiyya ne bai yarda ba. Ya ce Zakiyya ne mai gida yanzu, zuciyarsa da tauri, a jira ya sauko. Sallah ya wuce, na ɗinka kaya, na ɗinka wa Kyauta, na zauna a ɗaki ina jira. Ya dawo ya ce Zakiyya ya ce ba yanzu ba."

Zakiyya ta juya ta kalli yayanta. Ya rufe fuskarsa da tafin hannu ɗaya.

"Baiwar Allah," ta ce, tana ƙoƙarin daidaita numfashinta, "yau da ƙarfe tara na safe na san akwai ki a duniya. Mama kuwa har yanzu ba ta sani ba. Jiya ma take cewa in duba masa yarinya mai hankali a cikin ƙawayena."

Na'ima ta tsaya tana juya maganar a ranta, leɓɓanta suna motsi kamar tana fassara wa kanta. Da ta gama fahimta, fuskarta ta yi ja har kunne. Ta juya kan Sharif ta buɗe masa wuta da yarensu, da sauri, ba tsayawa, tana buga ludayin a gefen teburin har shinkafa tana tsalle. Zakiyya ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ba ta buƙaci tafinta. Sinawan nan uku sun koma kan kwanonsu sun sunkuyar da kai, kamar su ake yi wa.

Sharif ya yi ƙoƙarin riƙo hannunta ta fizge. Sai kuma ƙarfinta ya ƙare gaba ɗaya. Ta zauna a kujerar da ke fuskantar Zakiyya, ta ajiye ludayin, ta goge ido da gefen ɗankwalinta.

"Wata biyar ina jin haushinka," ta ce. "Kullum ina yanka albasa ina zaginka a zuciya."

"Ni ma tun safe nake zaginki," in ji Zakiyya. Ta koma ta zauna.

Na'ima ta kalli farantan. An ci fiye da rabin awarar. "Goodness ya ce baƙo ya ce kar a rage yaji. Na ce wane ne wannan? Na ƙara cokali ɗaya."

"Na ji a jikina."

"Ci da shinkafa. Ba a ci shi kaɗai." Ta jawo kwanon, ta ɗebi awarar ta zuba a kan shinkafar ta tura mata. Zakiyya ta ci. Ba don ta huce ba, sai don tana son ta ba hannunta abin yi. Matan biyu suka zauna haka, ɗaya tana ci ɗaya tana kallo, Sharif a tsakaninsu ba wadda ta kalle shi.

"Ku saurare ni," ya fara. "Na san na yi kuskure. Ku ba ni sati ɗaya kawai in—"

"Kina da mayafi?" Zakiyya ta tambayi Na'ima.

"Akwai. Da kayan Sallah. Ban sa ba."

"Je ki sa. Ki sa wa yarinyar nata. Ki nemo mata ɗaya takalmin."

Sharif ya miƙe. "Zakiyya, hawan jinin Mama. Ba a yi mata irin wannan ba shiri."

"Ni nake auna jinin Mama kowace safiya, ba kai ba. Matar da ta rufe idon mijinta da hannunta ba jika ce za ta kayar da ita ba."

"To shagon fa? Yanzu mutanen yamma za su fara zuwa, wa zai dafa?"

Na'ima ta kwance rigar girkinta ta jefa masa a ƙirji, ta shige ɗakinsu da ke bayan shagon.

La'asar ta yi lokacin da suka tari Keke a bakin titi. Na'ima ta fito cikin atamfa shuɗiya wadda telan ya yi mata yawa a kafaɗa, da mayafi fari, tana rungume da wata kula da ta zuba romon kaza marar yaji a ciki, don ta ce ba za ta je gaban uwar miji hannu sake ba. Kyauta ta zauna a cinyar Zakiyya ba tare da an ce mata ba, tana wasa da zoben hannunta. A hanya Na'ima ta yi ta maimaita gaisuwa a ƙasa-ƙasa, tana tambaya: durƙusawa ake yi gaba ɗaya ko rusunawa? Mama za ta ce ko Hajiya? In aka ba ta ruwa ta sha ko ta ƙi?

Zakiyya tana amsa mata, amma ranta yana ƙara tafasa. Sun wuce shataletale, sun shiga cunkoson kasuwa, sai ta lura da abin da take yi. Ta tsara yadda za ta shiga ita kaɗai tukuna, ta zaunar da Mama, ta ba ta maganinta, ta fara da cewa Mama ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki. Har kalmomin da za su sassauta laifin Sharif ta fara zaɓowa. Aikin da ta ce ba za ta yi masa ba, ga shi ta ɗauko shi a cinya tana kai masa har gida.

Ta waiwaya ta tagar bayan Keken. Can baya, a tsakanin motoci, ga babur ɗin Sharif yana biye da su. Ba ya matsowa, ba ya kuma komawa.

Suka sauka a bakin layinsu na Sabon Gari. Maƙwabta da ke zaune a ƙofar gida suka bi Na'ima da ido, wata ta kira wata daga cikin gida. Zakiyya ta gaishe su a tsaye ba ta tsaya ba. A ƙofar gidansu ta dakata. Daga ciki ana jin rediyon Mama da ƙarar tsintsiya a kan siminti.

Sharif ya kashe babur ɗin a gindin wani mangwaro, gida uku kafin nasu, ya tsaya a nan yana riƙe da makulli.

Zakiyya ta sauke yarinyar, ta taka har inda yake. Ba ta ɗaga murya ba, layin duk kunnuwa ne.

"Ɗauki 'yarka."

"Ki fara shiga, sai in biyo—"

"Ɗauki 'yarka, Yaya. Ka wuce gaba, matarka a bayanka. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka faɗa mata tun daga ɗaurin aure har zuwa fasfo. Da bakinka. In ka tsallake ko abu ɗaya ina ji, zan shigo in cike maka."

Ya kalle ta, ya kalli ƙofar. Ya zo ya sunkuya ya ɗauki Kyauta, ya gyara mata ɗankwalinta da ya zame. A bakin zaure ya tsaya har sai da Na'ima ta dungure shi a baya da gefen kular. Ya shiga.

Zakiyya ta bi su zuwa zaure, nan ta tsaya. Akwai wani tsohon benci a jikin bango, ta share ƙurar da hannu ta zauna, ta cire takalmanta, ta miƙe ƙafafu.

Ta ji sallamarsa. Ta ji tsintsiya ta tsaya.

"A'a, Sharifu? Yau Talata? Lafiya dai?" Sannan muryar Mama ta sake fitowa, a hankali wannan karon. "Wannan 'yar wa ka ɗauko?"

An kashe rediyon. Muryar Sharif ta fara, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana ci gaba. An daɗe. Can Mama ta ɗaga murya, ba da kuka ba, da irin kiran da ta saba yi duk lokacin da wani abu ya fi ƙarfinta a gidan nan.

"Zakiyya! Ina Zakiyya take?"

Zakiyya ta jingina kanta da bango. Har ta ɗora hannu a kan benci za ta miƙe, sai ta mayar da shi kan cinyarta.

"Ina nan zaure, Mama," ta amsa. "Bai gama ba. Ki bar shi ya gama."